Mai Bin Mamaci Bashi Ya Fito: Tarihin Sanarwar Gado a Birnin Kebbi da Argungu

A jaridun Nijeriya akwai wasu shafuka can wajen ƙarshe waɗanda ido ya saba tsallakewa. An jera sunaye da ƙananan baƙaƙe cikin Turanci: sunan mamaci, garin da ya zauna, ranar rasuwarsa, da sunan wanda ya nemi kotu ta ba shi izinin kula da abin da ya bari. A ƙasa akan rubuta wa'adi, galibi kwana 21, ga duk mai ƙorafi. Kowane layi a cikin jerin nan gida ne, ko gonar fadama, ko kuɗin fansho da mace mai takaba da marayunta ke jira. In wa'adin ya cika babu wanda ya fito, kotu za ta ɗauka cewa duniya ta ji, ko da wanda abin ya fi shafa bai taɓa riƙe jaridar ba.

Matsalar da wannan sanarwa take son warwarewa ta girmi jarida nesa ba kusa ba. Mutum ya mutu, shi kaɗai ya san iyakar waɗanda yake bi da waɗanda ke binsa, kuma bakinsa ya rufe. To, ta yaya za a kira mutumin da ba a san sunansa ba? A kwarin Gulbin Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, an gwada amsoshi iri-iri cikin shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma har yau suna aiki tare, wani lokaci suna taka wa juna ƙafa.

Abin da ake fitarwa kafin rabo

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shari'a ta san da haka, shi ya sa ta ajiye magada a ƙarshen layi. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da ita, Muhtasar na Shehu Halilu ya jera haƙƙoƙin da ke kan tarika daki-daki. Da fari a fitar da haƙƙin da ya rataya ga wani abu takamaimai, kamar kayan da aka ba da jingina. Daga nan kuɗin likkafani da binnewa, sai biyan basussuka, sai wasiyya daga cikin sulusin abin da ya rage. Abin da ya saura bayan wannan shi ne gado. Ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i, waɗanda suka yanka wa kowane magaji rabonsa, sau huɗu suna maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Hadisi kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda bashi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Malaman Malikiyya sun gina ƙa'idoji a kan wannan tushe, kuma uku daga cikinsu su ne ainihin dokar sanarwa tun kafin a san kalmar. Ta farko, mutuwa tana kawo wa'adin bashi: abin da aka yi alkawarin biya da kaka, in mai shi ya rasu da bazara, ya zama abin biya nan take. Ta biyu, idan an san mamaci da cin bashi, alƙali ba ya gaggawar raba wa waɗanda suka bayyana, yakan jinkirta ko wani zai ɓullo. Ta uku, wanda ya yi da'awar bashi a kan mamaci, ko ya kawo shaidu, sai ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba, domin wanda zai musanta yana kabari. A babin wanda bashi ya cinye dukiyarsa, Halilu ya ce a hanzarta sayar da dabba, amma gida da gona a saurara da su kamar wata biyu ana cigiyar mai saye.

Misali zai nuna amfanin jinkirin. A ɗauka wani manomin shinkafa ya rasu, bayan an yi masa sutura abin da ya rage ya kama naira 900,000. Mai takin zamani na binsa 600,000, mai sayen shinkafar da ya ba shi kuɗi tun kafin girbi na binsa 400,000, wani ɗan kasuwa a Gaya ta Jamhuriyar Nijar kuma na binsa 200,000. Bashi ya kama 1,200,000, don haka kowa zai sami kashi uku cikin huɗu na haƙƙinsa: 450,000, da 300,000, da 150,000. Magada ba su da komai, ba a kuma tilasta musu cika gurbin daga aljihunsu. Idan aka yi rabo mutumin Gaya bai ji ba, biyun farko za su karɓi 540,000 da 360,000. Ranar da ya iso, sai an koma an karɓo 90,000 daga na farko da 60,000 daga na biyu, wataƙila bayan sun riga sun kashe. Kowa ya san karɓo kuɗi daga hannun wanda ya riga ya ci ya fi hana shi tun farko wuya.

Dukiyar mamaci a cikin hujjar jihadi

Batun tarika yana cikin laifuffukan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa wa sarakunan Haɓe. A Kitabul Farƙi, inda ya bambance mulkin Musulunci da wanda ya saɓa masa, ya ambaci cewa sarakuna kan kwashe dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu su kira abin gado, alhali sun san zalunci ne. Wanda wannan al'ada ta fi cutarwa shi ne baƙo, wato falke ko almajiri da ajali ya riska nesa da danginsa. Inda sarki ne zai cinye, babu mai sha'awar a yi shela, domin kowane magaji ko mai bin bashi da ya fito ragi ne ga fada.

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, wanda tun wajen 1700 ya gaji Surame a matsayin babban birnin zuriyar Kanta. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da jama'arsa. Bayan rabon daular a 1812, yammacinta ya zama a hannun Abdullahi, kuma Gwandu ta zama cibiya mai duba masarautu har Nufe da Ilori. Abdullahi malamin shari'a ne kafin komai. Littafinsa Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta a Kano bisa roƙon mutanenta, jagora ne ga masu mulki da alƙalai. A tsarin da aka kafa, rabon gado aikin alƙali ne, kuma dukiyar da ba ta da magaji ta baitulmali ce, wato ta jama'ar Musulmi.

Sai dai Kabawa ba su miƙa wuya ba. Sun sake taruwa a Argungu, tafiyar kusan kilomita 50 a gefen gulbi ɗaya, kuma daga 1849, da Yakubu Nabame ya ɗaga tuta, yaƙi ya zama abin yau da gobe. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya tarar da hanyoyin yankin cikin rashin aminci. Aka sami lafawa da sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla wajen 1867 ya kuma yi kusan shekara takwas. Garuruwan biyu harshensu ɗaya, littattafan fiƙihunsu ɗaya, amma hukuncin alƙali yana tsayawa ne inda dogarin sarkinsa zai iya kaiwa. Mai bin bashi da ke wancan ɓangaren iyaka yana da haƙƙi a littafi, ba shi da hanyar karɓa.

Sanarwar baki

Kafin zuwan Turawa, kuma har gobe a yawancin gidaje, sanarwa ta farko a wurin jana'iza ake yinta. Kafin a yi salla ko bayan an rufe kabari, liman ko wani dattijo na gidan yakan ɗaga murya ya ce duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya ga wane. Akan maimaita a zaman makoki da ranakun sadaka. Hikimar wannan tsari a fili take. Waɗanda suka taru wurin jana'iza su ne dai mutanen da mamacin ya yi hulɗa da su, an ambaci sunan wanda za a tunkara, kuma an yi kiran a lokacin da zukata suka yi laushi, har wani mai bin bashin kan ce ya yafe a nan take.

Abin da ya shafi hukuma kuwa sanƙira ke kai shi. Umarnin sarki kan sauka ga hakimi, daga shi zuwa dagaci da mai unguwa, mai shela kuma ya bi lunguna da kasuwa. Ranar kasuwa da masallacin Juma'a su ne manyan allunan sanarwa. Kasuwar Jega, kudu maso gabas da Birnin Kebbi, tana cikin manyan mahaɗar fatake a ƙarni na 19, musamman masu bin hanyar Gwanja sayen goro, don haka labarin da aka faɗa a Jega kan yi tafiyar watanni a bakin ayari. Idan falke ya rasu a zango, mai masaukinsa ke riƙe kayan, madugu da abokan tafiya su zama shaidu, kuma wasiƙar Larabci mai hatimin sarki kan bi sawu don neman magada ko karɓo musu haƙƙi.

Akwai kuma wanda ba a san ko yana raye ba. Masu tafiya Makka a ƙasa ta hanyar Borno da Sudan kan yi shekaru, wasu ba su dawowa. Malikiyya ta yanke wa matar wanda ya ɓace jiran shekara huɗu bayan an yi bincike, sannan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da galibi sa'o'insa ba su wucewa, wanda mashahurin zance ya sa saba'in. Haka nan idan mamaci ya bar mata da ciki, ana dakatar da rabo har ta haihu. Duk waɗannan hukunce-hukunce manufarsu guda ce: kada a rufe ƙofa kan mai haƙƙin da bai iya magana ba tukuna.

Raunin sanarwar baki shi ne ba ta barin alama. Jinginar gona, inda mai ba da bashi ke noma filin har a biya shi, kan wuce shekara talatin. Shaidu su mutu, 'ya'yan mai jingina su taso suna ganin gonar ubansu ce, jikokin mai gona su zo da kuɗi a ce ba a san zancen ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, amma kunya tsakanin maƙwabta takan rinjayi alƙalami.

Daga Oxford zuwa Zungeru

Sanarwar takarda ta fito daga wata duniya dabam. A 1665 annoba ta kori fadar Sarkin Ingila daga Landan zuwa Oxford, a can a watan Nuwamba aka fara buga wata takardar labaran hukuma, wadda a 1666 ta koma Landan ta zama London Gazette. Da ita aka kafa al'adar cewa abin da hukuma ta buga a gazet an ɗauka kowa ya sani. A 1859 majalisar Ingila ta yi dokar da ta ba mai kula da dukiyar mamaci kariya: in ya buga sanarwar neman masu bin bashi, wa'adi ya cika, ya raba dukiya, ba za a kama shi da bashin da bai san da shi ba, sai dai mai bin bashin ya bi waɗanda suka karɓi rabo. Dokar amintattu ta 1925 ta tsayar da wa'adin a kan aƙalla wata biyu.

Abin lura shi ne inda kowace sanarwa ta sa gaba. Kiran da ake yi a maƙabarta damuwarsa mamaci ne, a sauke masa nauyi kafin hisabi, shi ya sa ba shi da ranar rufewa. Sanarwar gazet damuwarta mai rabo ne, a ba shi ranar da zai wanke hannunsa. Kowace tana da abin da ɗayar ta rasa: ta baki tana isa kunne amma ba ta da hujja, ta takarda tana da hujja amma sau da yawa ba ta isa kunne.

Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, gwamnatinsa ta fara buga gazet na Nijeriya ta Arewa, kuma daga 1902 hedkwata ta koma Zungeru. A shekarar ce sojojin Turawa suka shiga Argungu, inda Sarkin Kabi Sama'ila ya karɓe su ba yaƙi. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903. Bayan tawayen Satiru na 1906 aka sauke Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru, mazaunin sarautar kuma ya tabbata a Birnin Kebbi. Garuruwan biyu suka koma ƙarƙashin Razdan ɗaya a Lardin Sakkwato, kuma sammacin da aka rubuta a ɗaya ya sami hanyar isa ɗayan.

Turawa ba su taɓa hukuncin gadon Musulmi ba. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun bar shi a hannun alƙalai. Gazet da takardar izinin kula da dukiya sun tsaya ga Turawa da baƙin ma'aikata da 'yan kasuwa, ƙarƙashin dokokin Ingila da ke aiki ranar 1 ga Janairu 1900. Amma sanarwar gwamnati ta shiga tarikar talaka ta bayan gida. Dokar bauta ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, don haka wani abin da a da ake lissafawa cikin dukiyar gado ya fara fita daga lissafi, har aka soke bautar gaba ɗaya a 1936. Wuri ya ba sule da kwabo hanya, sai tsofaffin basussuka suka buƙaci sabon ƙiyasi. Dokar ƙasa ta 1910 kuma ta sa dukkan filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna.

Ushira da littafin muhuti

Kotun alƙali kan ɗauki ushira, ɗaya cikin goma, daga tarikar da ta raba da bashin da ta karɓo. Da aka kafa baitulmalin En'e, wanda aka fara a Katsina ya kuma bazu a masarautu wajen 1911, aka yanka wa alƙalai albashi, kuɗin kotu ya koma shiga asusu da rasit. Muhuti ya riƙa rubuta ƙararraki a littafi da Larabci, Di'o yana dubawa in ya zo rangadi. Wannan ya samar da abin da a da babu, wato rubutaccen tarihin wanda ya gaji me. Ya kuma haifar da wani sakamako da ba a nufa ba. Gidan da ke da jituwa ba ya son a yanke masa ushira, sai ya kira malami ya raba a zaure, ko a bar gona ana nomawa gandu ba rabo. Tarikar da ke zuwa kotu ita ce mai rigima ko mai yawa. Ragowar ta zauna ba takarda, abin da jikoki ke biyan kuɗinsa yau in gwamnati ko banki ya nemi shaidar mallaka.

Hanyar isar da zancen hukuma da Hausa ta faɗaɗa a hankali. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a Janairu 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 lardunan Arewa suka sami ƙananan jaridunsu, ta Lardin Sakkwato ita ce Zaruma. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma rediyo ce ta gaji sanƙira da gaske, domin ba ta tambayar mai saurare ko ya iya boko. Har yau sanarwar rasuwa da cigiya suna cikin abin da aka fi kasa kunne gare shi. Amma doka ba ta bi rediyo ba. Abin da kotu ke karɓa a matsayin hujjar sanarwa ya ci gaba da zama gazet da jaridar Turanci, irin su New Nigerian da aka fara bugawa a Kaduna ranar 1 ga Janairu 1966.

Kotunan su ma sun sake hannu. An kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Arewa a 1960. Dokar soja ta 1967 ta ƙwace kotunan alƙalai daga En'e ta mai da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha, aka kuma rufe kotunan sarakuna. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ta sami Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a nata. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wannan kotu ta biyu hurumi kan wasiyya, kyauta, wakafi da gadon Musulmi.

Lokacin da gwamnati ke son gona

A kwarin Rima dukiya ita ce fadama, don haka sanarwar gwamnati mafi nauyi ita ce ta karɓar fili. Dokar amfani da ƙasa ta 29 ga Maris 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mai fili saboda amfanin jama'a, sashe na 29 ya tanadi diyyar gini da shuka, sashe na 44 kuma ya faɗi yadda za a isar da sanarwa: a miƙa wa mutum hannu da hannu, ko a bar ta a gidansa, ko a manna ta a wurin da za a gani a filin. Kotun Ƙoli ta sha rushe sokewar da aka yi ba tare da an isar wa mai fili sanarwa ba, kuma bugawa a gazet kaɗai ba ta wadatarwa.

Abin da ya faru a Bakolori, can sama a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, darasi ne da yankin bai manta ba. An gina madatsar ruwa a shekarun 1970, manoma suka rasa gonaki, rikicin diyya ya yi tsanani har suka tare hanyoyi, kuma a Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta aka rasa rayuka masu yawa. Manoman da ke ƙasa da madatsar, waɗanda raguwar ambaliya ta rage musu noman fadama da kamun kifi, ba su cikin lissafin diyya tun asali, domin doka tana sanar da wanda aka karɓi filinsa ne kawai. Inda kuma gonar gado ce da ba a taɓa rabawa ba, tambayar wa za a sanar, wa kuma zai sa hannu ya karɓa, takan raba zumuncin da ya jure shekara hamsin.

Kotu biyu, mamaci ɗaya

Mamacin yau yakan bar dukiya iri biyu. Gida, gona, shanu, injin ban ruwa da kwalekwale suna nan a idon jama'a, kotun shari'a ko malamin unguwa ya raba. Kuɗin banki, hannun jari da fansho kuwa suna bayan kanta, kuma ba su fitowa sai da takardar kotu. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata inshorar rai da ta kai aƙalla ninki uku na albashin shekara, kuma kamfanin fansho ba ya sakin kuɗin mamaci sai an kawo izini daga kotu ko wasiyyar da kotu ta tabbatar. Mutane da yawa na zaton sunan da ma'aikaci ya cike a fom a matsayin makusancinsa shi ne magaji. A doka wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne kawai, kuɗin kuwa tarika ce da za a fitar wa bashi a raba bisa ƙa'ida.

Masu bin bashi su ma sun sake kama. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, kuma a 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Manomin da a da maƙwabci da mai taki kaɗai ke binsa, yanzu yana iya mutuwa da bashin banki ko na ƙungiyar manoma a kansa. Banki ba ya zuwa jana'iza, don haka kiran liman ba ya isa gare shi. Shi ma in ya buga tasa sanarwar, ba ta isa ga magada.

Abin yakan juya, mamaci ya zama shi ne mai bi. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar hannun jarin da ta shekara shida ba a karɓa ba ta koma wani asusun amana na gwamnati. Ƙa'idojin da Babban Banki ya fitar a Yuli 2024 sun ce asusun da ya shekara goma ba motsi za a kwashe abin da ke ciki zuwa asusun amana a wurinsa, bankuna kuma su wallafa sunayen masu irin wannan ajiya a shafukansu na intanet. Magada na da damar nema ko yaushe, in sun san da kuɗin. Haka da aka soke lasisin bankin Heritage ranar 3 ga Yuni 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta kira masu ajiya da masu bin bankin bashi su zo su tabbatar da haƙƙinsu. Matar da mijinta ya rasu bai taɓa gaya mata yana da asusu a can ba, kiran ya wuce ta kamar ba a yi ba. Baitulmalin da Malikiyya ta tanada don dukiyar da ba ta da magaji ya dawo da sabon suna, sai dai yawancin abin da ke shiga cikinsa yana da magada, labari ne bai kai gare su ba.

Tarihin nan ya nuna cewa ingancin sanarwa yana ga mai ji. Kayan gyara kuwa suna nan a hannu: rajistar kotu na iya sa a karanta jerin sunayen da Hausa a gidan rediyon jiha, a aika kwafi ga hakimin garin mamaci, a manna a ƙofar kotun shari'a ta yankinsa, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na dokar gado ba. Ɓangaren da ya rage na mai rai ne. Takarda guda da mutum ya rubuta wanda yake bi, da wanda ke binsa, da bankin da ya yi ajiya, da gonar da ke hannunsa jingina, ya sa shaidu biyu suka sa hannu, tana rage wa alƙali jiran wata biyu, ta kuma rage wa marayu shari'ar shekaru.